Sharhi: Wa ke yanke wa aikin hannu farashi a kudancin Jigawa?

A duk ranar da kasuwa ke ci a garuruwan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, akan samu wani ɓangare da aka keɓe wa kayan da aka yi da hannu: tabarmin kaba da faya-fayi, tukwane da randuna, turame da taɓare, lauzuna da gatura, sai kuma huluna da mata suka ɗinka a cikin gidaje.

Ƙananan hukumomin biyu suna kudancin jihar Jigawa ne, a kan iyaka da jihar Bauchi. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa Birnin Kudu na da mutane sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, kuma mafi yawansu manoma ne.

Ga dubban iyalai a wannan yanki, sana'ar hannu ita ce ke cike giɓin da noma ya bari, musamman da rani. Da kuɗinta ake cefane, ake sayen magani, ake kuma haɗa wa 'ya'ya mata kayan ɗaki.

Sai dai kuma duk wanda ya lura da yadda ake ciniki a kasuwanni irin su Sara da Babaldu da cikin garin Birnin Kudu, zai ga cewa akwai abu guda da ba kasafai yake shiga lissafin farashi ba, wato lokacin da mai sana'a ya ɓata a kan aikinsa.

Wannan al'amari na da muhimmanci a jihar da rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce kashi 84 cikin 100 na jama'arta na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, abin da ya sanya ta cikin jihohi biyar da lamarin ya fi ƙamari a Najeriya.

Tayi da sallama

A al'adar kasuwar Hausa babu farashi a rubuce. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a kai inda za a ce an sallama.

Tsarin na da amfaninsa, domin yana bai wa talaka damar neman sauƙi, yana kuma ba mai kaya damar duba halin wanda ke gabansa. Amma sakamakon kowane ciniki ya dogara ne a kan wanda ya fi iya haƙuri a tsakanin su biyun, kuma a nan ne mai sana'ar hannu na karkara yake da rauni.

Na farko, kasuwar mako-mako ce. Idan ta watse bai sayar ba, sai ya jira kwana bakwai, ko ya biya kuɗin mota zuwa wata kasuwar.

Na biyu, wasu kayan ba sa son yawan ɗauka. Matar da ta kawo tukwane ta san cewa komawa da su gida na nufin sabon kuɗin dako da kuma yiwuwar fashewa a hanya.

Na uku, akasarin masu kayan sun zo ne da bukatar da ba ta jira. Da kuɗin tabarmar za a auni hatsi a wannan kasuwar, a wannan ranar.

'Yan sari sun san duk wannan. Shi ya sa da dama daga cikinsu ba sa gaggawar ciniki da hantsi, sai bayan la'asar, lokacin da mai kaya ya fara tunanin hanyar gida.

Haka kuma yanayin shekara na taka rawa. Da rani kowa ya samu sukunin yin aiki, kaya su yi yawa a kasuwa, farashi ya faɗi. Da damina ta kankama kuwa, masu sana'ar na gona, kaya sun yi ƙaranci, amma a lokacin suna hannun wanda ya saya ya ajiye.

Lissafin da ba a yi

Idan aka tambayi mai sana'a ko ya ci riba, yawanci abin da yake kwatantawa shi ne kuɗin da ya kashe wajen sayen kayan aiki da kuma abin da aka biya shi. Idan zare da yadi sun ci kaza, aka sayi hular sama da haka, to a ganinsa an samu riba.

Abin da ya rage ɗin kuwa ladan aikinsa ne, kuma ba a cika raba shi da yawan sa'o'in da aka yi ba don a ga nawa ya kama.

Ga misali. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 a wata. Idan aka raba wannan kuɗi da kwanakin aiki 22, kowace rana sa'o'i takwas, za a ga cewa kowace sa'a ta kama kusan naira 400.

A ɗauka cewa wata mata tana ɗinkin hula sa'o'i uku a kowace rana, bayan ta gama aikace-aikacen gida, kuma hular ta ɗauke ta kwana 20. Sa'o'i 60 ke nan. A kan wancan ma'auni, ladan aikinta kaɗai ya kai naira 24,000, ban da kuɗin zare da na mai zane da na mai wanki.

Wanda ya san harkar ya san cewa abin da ake bai wa masu ɗinki a karkara ba kasafai yake kusantar haka ba. Dokar albashin ma ba ta shafe su ba, domin ta tsame masu aikin jinga da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Ga mai saƙar tabarma ko mai ginin tukunya, lamarin ya fi haka ɓuya. Kaba da yumɓu daga daji ake samo su, don haka ake ɗaukar su tamkar kyauta, alhali an yi tafiya, an yi haƙa, an yi dako, an nemo itacen gashi.

Masassaƙa da maƙera su ma suna ganin yadda itatuwa irin su ƙirya, waɗanda ake turmi da gawayin ƙira da su, ke ƙara nisa da gari. Wannan ƙarin wahala ba ya bayyana a farashi sai ya kai ga an fara sayen itacen da kuɗi.

Masana tattalin arziƙi na bayyana dalilin wannan araha da cewa ladan aiki yakan bi abin da mutum zai iya samu a wani wurin ne. Matar da ke cikin gida a ƙauye, ko manomin da ke zaune da rani, ba su da wani aikin da zai biya su, saboda haka komai ƙanƙantar abin da aka ba su ya fi babu.

Tsakanin mai yi da mai sawa

Hular da aka ɗinka a wani ƙauye na Gwaram takan bi ta hannaye da dama kafin ta hau kan mai ita. Akwai wanda ya ba da yadi da zare, da mai zane, da mai ɗinki, da dillaliyar da ke zagaya gidaje, da mai wanki da gyara, da ɗan sari, sannan mai shago a Kano ko Kaduna ko Abuja.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Masaniyar nan 'yar Birtaniya, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna yadda wani babban kaso na cinikin ƙasar Hausa ke gudana a cikin gidaje, a hannun matan da ba sa zuwa kasuwa, ta hanyar yara da dillalai.

Abin da hakan ke nufi shi ne mai yin kayan ba ta ganin mai saye na ƙarshe, ba ta kuma san abin da ya biya ba. Farashin da ta sani shi ne wanda aka faɗa mata a tsakar gida.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ɗora laifin kacokan a kan dillalai da 'yan sari. Su ne ke zuba jari, su ɗauki kaya zuwa birni, su jira watanni kafin su sayar, su kuma ɗauki asarar abin da ya lalace ko yayinsa ya wuce. La'ada hakkinsu ce da al'ada da shari'a suka amince da ita.

Inda matsalar take shi ne bambancin sani da na jari. Ɗan sari ya san farashin Kantin Kwari da na Kurmi, ya san launin da ake yayi, kuma yana da halin jira. Idan kuma shi ne ya ba da kayan aiki ko ya ba da bashi tun farko, to mai ɗinki ba ta da wani zaɓi illa ta karɓi abin da ya yanke.

Roba da inji

Ko da mai sana'a ya yi lissafinsa daidai, akwai wani shinge da ba zai iya tsallakewa cikin sauƙi ba, wato farashin kayan masana'anta da ke gefensa a kasuwa.

Tabarmar roba ta fi ta kaba araha idan aka duba daɗewa da sauƙin wankewa. Bokiti da jarka sun maye gurbin tulu, kwanon silba da na roba sun kori akushi da ƙwarya daga gidaje da dama, hular inji kuma na fitowa da yawa cikin lokacin da ba ya isar mai allura ta gama ko da gefe ɗaya.

Mai saye a ƙauye talaka ne shi ma. Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma wanda aljihunsa bai da nauyi ba ado ya zo nema ba.

Tarihi ya nuna cewa ba haka al'amarin yake ba a da. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Timbuktu kaɗai daga Kano sun kai kayan raƙuma 300 a shekara, waɗanda darajarsu ta kai wuri miliyan 60.

Masaƙa da marina na garuruwa da ƙauyukan ƙasar Kano ne ke samar da waɗannan kaya, kuma yankin Birnin Kudu da Gwaram na cikin wannan ƙasa har zuwa ranar 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro jihar Jigawa.

Yadin Ingila ya fara karya wannan kasuwa a zamanin mulkin mallaka, daga baya masaƙun Kaduna da Kano suka zo, su ma kayan da ake shigowa da su daga Asiya suka durƙusar da su. A 2015 marina a birnin Kano sun yi zanga-zanga zuwa fadar Sarki Muhammadu Sanusi II, suna kukan cewa kayan China na neman raba su da sana'arsu.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne aikin hannu ba ya iya gasar araha da inji. Duk inda ya tsira, ya tsira ne domin akwai masu sayen da suka yarda cewa ya bambanta, suka kuma amince su biya kuɗin bambancin.

Matsin tattalin arziƙi

Sauye-sauyen da aka yi a shekarun baya-bayan nan sun ƙara matse masu sana'ar daga ɓangarori biyu.

A farkon 2023, lokacin sauyin takardun naira, ƙarancin tsabar kuɗi ya sa mutanen karkara da dama sun karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu.

A ranar 29 ga Mayun wannan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Dalar Amurka kuma, wadda farashinta na hukuma ke wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023, ta wuce naira 1,500 a cikin 2024.

Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024, kafin hukumar ƙididdiga ta sauya ma'aunin lissafinta a farkon 2025.

Ga mai ɗinkin hula, wannan na nufin tsadar zare da yadi, waɗanda yawanci daga waje ake shigo da su. Ga mai tukunya da mai turmi, yana nufin tsadar dako, domin kayansu na da nauyi da cin wuri a mota.

A ɗaya ɓangaren kuma, magidancin da kuɗin abinci ya cinye masa albashi ko amfanin gona yakan ɗage sayen sabuwar hula ko tabarma. Da yake ba a iya rage kuɗin zare ko na mota, abin da ake ragewa don a samu a sayar shi ne ladan mai aiki.

Ko baje koli mafita ce?

Hukumomi kan nuna kasuwannin baje koli a matsayin hanyar da za ta haɗa masu sana'a da masu saye kai tsaye. Akwai ta duniya da ake yi a Kaduna tun ƙarshen shekarun 1970, da ta Kano, da kuma bikin nuna al'adu da fasahohi na ƙasa da aka fara a 1970, inda jihohi ke kafa rumfunansu.

Babu shakka mai saye a irin waɗannan wurare ya bambanta da na kasuwar ƙauye. Ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko baƙo, wanda ke neman abin ado ko tsaraba, kuma yana iya biyan fiye da farashin gida.

Sai dai baje koli na da nata lissafin. Akwai kuɗin rumfa, da na mota zuwa da dawowa, da masauki da abinci na kwanaki goma ko fiye, da kuma aikin da aka bari a gida.

A ɗauka cewa tafiyar ta ci naira 150,000, kuma an je da huluna 50. Kowace hula ta ɗauki nauyin naira 3,000 ke nan kafin a yi maganar riba. Idan rabi kawai aka sayar, nauyin ya koma naira 6,000.

Wanda bai yi wannan lissafi ba yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya sayar a farashin ƙauye ya dawo da asara, ko kuma ya tsawwala ba tare da ya iya bayyana wa mai saye dalili ba, har ranar rufewa ta zo ya karyar.

Wata matsalar kuma ita ce sau da yawa waɗanda ke zuwa baje kolin 'yan kasuwa ne ko jami'an gwamnati, masu yin kayan kuwa suna gida. Idan haka ta faru, ƙarin kuɗin da aka samu ba ya isa hannun mai allura.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin gyara wannan. Burkina Faso na gudanar da babbar kasuwar sana'o'in hannu ta SIAO a Wagadugu tun 1988, duk bayan shekara biyu, inda manyan 'yan sari daga ƙetare ke zuwa ƙulla ciniki. Jamhuriyar Nijar na da SAFEM a Yamai, wadda aka keɓe wa sana'o'in mata.

A birnin Santa Fe na Amurka kuwa, kasuwar da aka fara a 2004 na tantance kaya kafin a ba mutum rumfa, tana koyar da mahalarta yadda ake fitar da farashi, kuma mafi yawan kuɗin cinikin na komawa ga masu sana'ar ne. Maƙeran azurfa Abzinawa daga Nijar na cikin waɗanda suka sha halartar ta.

Darajar suna

Abin da ke ɗaga farashi a irin waɗannan kasuwanni shi ne mai saye ya san wanda ya yi abu, da inda aka yi shi, da kuma tabbacin ingancinsa. A nan ma ƙasar Hausa na da tsohon darasi.

Shekaru aru-aru ana ɗaukar jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato a ƙetara Sahara da ita, amma da ta isa Turai sai aka san ta da sunan fatar Maroko, domin ta can ta bi. Majema sun yi aikin, sunan ya tafi ga wasu.

Labarin Ladi Kwali kuwa ya nuna ɗaya fuskar. Tukwanenta irin na gargajiyar Gwari ne, amma bayan da Bature Michael Cardew ya gan su a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. An nuna aikinta a Turai da Amurka da sunanta, kuma tun 2007 hotonta ke kan takardar naira 20.

A watan Yunin 2025 kamfanin Prada na Italiya ya nuna wasu takalma a Milan da suka yi kama da takalman Kolhapuri na Indiya ba tare da ambaton asalinsu ba. Da yake tun 2019 Indiya ta yi wa sunan rajista a matsayin mallakar yankunan da ake yin su, dukawan sun samu madafar ƙorafi, kamfanin kuma ya amince da asalin samfurin.

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya saƙar Kente ta Ghana cikin jerin al'adun duniya da ake alkintawa, a zaman da ta sanya hawan sallar Kano. Shi kansa hawan ya dogara ne da aikin dukawa da maƙera da masu ɗinkin riguna da kayan doki.

Har zuwa 2024 dai Najeriya ba ta da wata doka ta musamman da ke kare sunan kayan da aka san wani yanki da su. Hular da aka ɗinka a kudancin Jigawa, da zarar ta shiga shago a birni, ba mai iya bambanta ta da ta wani wuri.

Abin da addini ya tanada

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan irin wannan ciniki. Ya tabbata a hadisi cewa da farashi ya hau a Madina aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade shi, bai yi hakan ba.

Amma kuma ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, kuma malamai da dama sun bayyana cewa hikimar hanin ita ce kada a ci da rashin sanin mai kaya. Ya kuma hana tayin yaudara, ya yi umarni da a gaggauta biyan ɗan ƙodago hakkinsa, ya kwaɗaitar da rangwame ga mai saye da mai sayarwa baki ɗaya.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a wannan yanki, idan mutum ya bayyana cewa bai san farashi ba, ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa, to cutar da shi haramun ne.

Wato dai shari'a ta bar kasuwa ta yi halinta, bisa sharaɗin ɓangarorin biyu su san abin da suke ciniki a kai. Matar da ba ta taɓa jin farashin hularta a birni ba tana cikin waɗanda wannan sharaɗi ya fi shafa.

Ina mafita?

Gwamnatocin da suka mulki Jigawa, tun daga na Sule Lamido, wanda ɗan ƙaramar hukumar Birnin Kudu ne, zuwa na Badaru Abubakar da na Umar Namadi, sun gudanar da shirye-shiryen koyar da sana'o'i da raba jari. Gwamnatin tarayya ma ta raba bashin naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa a shirin TraderMoni na 2018.

Masu lura da al'amura na ganin cewa irin waɗannan shirye-shirye sun fi mayar da hankali ga ƙara yawan masu yin kaya. Idan kuwa masu yi suka ƙaru alhali masu saye ba su ƙaru ba, farashi ƙasa zai yi.

Hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, na da shirin kowace ƙaramar hukuma ta fito da haja ɗaya. An kwaikwayo shi ne daga lardin Oita na Japan, inda aka fara shi a 1979. Da Thailand ta ɗauki tsarin a 2001, sai ta ƙara masa tantance inganci, inda ake bai wa kaya tauraro ɗaya zuwa biyar, mai saye ya san abin da yake biya.

Akwai matakan da ba sa bukatar jiran doka ko kasafin kuɗi. Mai sana'a na iya rubuta kuɗin kayan aiki da yawan kwanakin da ya yi, ya san farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, ya kuma bambanta farashin sari da na ɗaiɗai.

Masu sana'a ɗaya a gari na iya haɗa kai su sayi zare a sari, su rarraba kayansu daraja-daraja, su tura mutum ɗaya amintacce baje koli a madadin kowa. Adashin da mata suka saba yi na iya zama jarin da zai ba su damar riƙe kaya har zuwa gabanin sallah ko lokacin bukukuwa, maimakon sayarwa a ranar da aka gama. A birnin Zariya akwai ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu ta Queen Amina, wadda tun shekarun 1990 take sayar da aikinta da sunanta.

Wayar salula ma ta rage tazarar sani. Hoto ɗaya ta WhatsApp ya isa a ji farashin Kano, kuma tura kuɗi ta waya ya yaɗu a karkara tun bayan ƙarancin kuɗi na 2023.

Sai dai akwai masu ganin cewa ba kowace sana'a ce za ta amfana da wannan ba, kuma suna da hujja. Lauje da turmi da tukunyar miya kayan amfanin talaka ne, kuma farashinsu ba zai wuce ƙarfin aljihunsa ba. Hula mai kyau, da faifan ado, da aikin fata, su ne ke da damar samun mai saye a wajen yankin.

Ko a nan ɗin ma, sanin haƙiƙanin abin da aiki ya ci na da amfani, domin shi ne zai nuna wa mutum kayan da ya kamata ya ci gaba da yi da wanda ya kamata ya rage.

Abin da ke gaban yankin dai ya wuce batun ribar mako guda. Matasan da ke ganin iyayensu na shafe kwanaki a kan aikin da bai kai kuɗin acaɓar yini biyu ba, da wuya su zauna su koya, kuma da dama sun gwammace tafiya cirani Kano ko Abuja ko Legas.

Waɗannan sana'o'i ba a rubuce suke ba, daga hannu zuwa hannu ake gadon su. Idan tsara ɗaya ta ƙi karɓa, dawo da su zai fi ƙarfin kowace cibiyar koyar da sana'a.